Leda Ba Ta Karɓar Gyara

Shekara goma sha tara ina kawo wa Huraira gyaɗa daga gonarmu ta Agwada, ita kuma tana mayar da ita ƙuli-ƙuli a gidanta na unguwar Liman Abaji a Keffi. Ni Susana ce, amma ita Maman Ruben take ce mini, ni kuma in ce mata Maman Akram. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa ganin ta sallami mai saye ba tare da ta yi masa gyara ba. Ka sayi kaɗan, ta jefa maka ɗaya a kai. Ka sayi da yawa, ta damtso hannu guda ta ƙara. Ko da faɗa kuka rabu wajen ciniki, sai ta ƙara maka tana harararka.

A bakin titi take zama, kusa da tashar mota. Bara aka fara faɗaɗa titin, aka shafa jan fenti a inda tebura suke, aka ce kowa ya tashi kafin ƙarshen wata. Masu ƙarfi suka kama shago. Huraira kuwa mijinta Malam Kabiru ya yi ritaya, ƙafafunta sun fara kumbura, ba ta da inda za ta koma sai tsakar gida. Wa zai bi lungu uku don ya sayi ƙuli?

A lokacin ne wata ƙungiya mai tallafa wa mata masu sana'a ta kira mu horo na kwana uku. Na ja ta muka je, tana mita tun daga ƙofa. An koya mana wanke hannu, kamar da can da ƙafa muke murza tunkuza. Amma gaskiya mun ƙaru. Aka ba mu injin liƙe leda da ƙaramin sikeli mai nuna lamba, aka kuma haɗa mu da wata Madam Caroline, manajar wani babban kanti a Mararaba. Ta ɗanɗana ƙulin Huraira, ta sake ɗaukar wani. Ta ce tana da gurbi ɗaya a kan kantar jera kaya, akwai wasu mutanen garin Lafiya da ke nemansa, amma in muka kawo leda hamsin ranar Alhamis, kowace giram ɗari biyu da hamsin, namu ne.

Ni na je aka buga mana takardar mannawa, da sunan Huraira da lambar wayarta da nauyin a jiki. Na nuna mata yadda ake ɗora leda a kan sikeli har lamba ta cika. Ta ce ta gane, ai ba a kanta aka fara awo ba. Na tafi Agwada na bar ta da aikin, kuma wannan shi ne kuskurena.

Ranar Alhamis muka shiga mota da kwali biyu. Na lura ledojin sun yi ɓul-ɓul, amma na ɗauka iska ce. Madam Caroline ta karɓe mu a wani ɗaki na bayan kanti, ta jawo nata sikelin. Ta farko ta nuna ɗari biyu da casa'in. Ta biyu ɗari uku da goma. Ta uku ɗari biyu da saba'in da biyar. Ta cire tabarau ta dube mu.

"Mama, sikelinku ya lalace ne?"

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Huraira. "Sai da ya cika daidai sannan na yi gyara."

"Kika yi me?"

"Gyara. Na ƙara wa mai saye. Ai ba a ba mutum kaya haka tsurarsa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Leda hamsin, kowace sai da ta auna ta tsaf, sannan ta sa hannu ta ɓata awon, ta liƙe.

Madam Caroline ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Da Hausarta ta 'yan Mararaba ta ce, "Mama, ki ji. In na sa wannan a kanta, kwastoma zai tsaya yana tona, yana neman mai ƙiba. Waɗanda suka rage ba mai ɗauka, za a ce na cuce su. Wanda ya samu ɗari uku yau, gobe ya samu ɗari biyu da saba'in, zai zo ya yi mini ihu. Abin da takarda ta ce, shi za a samu a ciki. Ba ƙari, ba ragi." Ta ce ta ba mu zuwa Asabar da sha biyun rana. In ba mu zo ba, ta kira mutanen Lafiya.

Muka shiga motar komawa, har muka wuce Masaka. Can Huraira ta ce, "Tunda nake ban taɓa jin inda aka ƙara wa mutum abu ya ce an yi masa laifi ba."

Ni kuma raina a ɓace yake, ban tauna ba na ce, "Sabo turken wawa, Maman Akram. An ce ɗari biyu da hamsin, ke wa ya aike ki?"

"Ni ce wawar?"

"Ni ce, da na bar ki ke kaɗai da sikeli."

Ta juya ta kalli taga. Sai da muka kusa Keffi ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce a hannun innarta ta koyi sana'ar, kuma innar ta gaya mata awo haƙƙin mai saye ne, gyara kuwa shi ne gaisuwar mai sayarwa. Wadda ba ta gyara, kaya kawai take sayarwa, ba ta da mutane. Ta ce da gyaran nan ta san wanda matarsa ta haihu da wanda aka kora daga aiki, don shi ne lokacin da mutum ke tsayawa ya yi maka magana. Na ji kunyar abin da na faɗa, amma ban janye ba. Na ce duk na yarda, sai dai ranar Litinin za a zo da katafila, kuma katafila ba ta san innarta ba.

Ranar Juma'a da safe na same ta ta riga ta shimfiɗa tabarma, ta farke ledojin duka ta juye a babban faranti. Muka zauna. Ina riƙe leda, tana zubawa. Lamba ta kai ɗari biyu da hamsin da shida. Ta cire ɗaya, ta koma ɗari biyu da arba'in da huɗu. Na ce sai an karya. Ta dube ni kamar na ce ta mari jariri. Ta ɗauki ƙulin ta karya shi biyu, ta jefa rabi, lamba ta tsaya daidai. Sau uku ina kama hannunta ya nufi faranti bayan awo ya cika, ba da saninta ba. A na huɗu ita ta kama kanta, ta danne hannun a ƙarƙashin cinya, ta ce in liƙe da sauri. Mun gama kafin a tafi masallaci, kuma abin da ya rage a farantin ya kusa cika leda takwas.

Ranar Asabar Madam Caroline ta auna goma, ta zaɓo su daga ko'ina a cikin kwalin. Duk daidai. Ta ce a kai su a jera a kanta. Na yi murna har na rungume Huraira a gaban ma'aikata, ita kuwa ta ce Alhamdulillahi, ta gyara mayafinta.

Bayan sati biyu aka kira aka ce a kawo wasu ɗari. Da muka kai, Huraira ta ce tana so ta ga inda aka ajiye nata. Muka shiga cikin kantin, sanyi kamar cikin firij. Ga su nan a jere tsakanin cincin da soyayyiyar ayaba, sunanta a kan kowace leda. Ta tsaya tana kallo, ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Sai ga wata mata da kwandon roba, da ƙaramar yarinya a gefenta. Ta ɗauki leda biyu ba ta ko duba ba, alamar ta saba. Yarinyar ta ce, "Momi, irin na ranar nan?" Ta ce e, shi ne mai daɗin.

Fuskar Huraira ta washe. Ta matsa kusa, ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Ya gida, ya yara?"

Matar ta dube ta sama da ƙasa, ta ja yarinyarta jikinta. Ta ce, "Yi haƙuri Mama, ba ni da canji." Ta wuce wajen biya.

Na yunƙura zan bi ta in gaya mata ko da wa take magana. Huraira ta riƙe mini hannu.

"Ƙyale ta, Maman Ruben," ta ce. "Ta ce mai daɗi ne. Mu je, akwai gyaɗa tana jiran suya a gida."