Faɗin Hanya da Faɗin Hure

Ran Talata, a farkon daminar shekarar da kwanon gero ya gagari talaka, Hure ta tashi za ta je bakin murhu, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Likita a Kano ya ce wa mijinta, Malam Badaru, zuciya ce, ruwa na taruwa a jikinta, a riƙa kawo ta duk bayan mako biyu.

Likita bai san ƙauyensu ba. Daga ƙofar gidan Malam Badaru zuwa kwaltar Ɗanbatta tafiyar rabin awa ce, a wata siririyar hanya tsakanin gonaki, wadda kowace shekara manoma ke gutsure mata gefe. Mota ba ta shiga. An gwada babur, ta zamo. Sai maza huɗu suka ɗauke ta a kan ƙyauren ɗaki, mata na leƙowa ta katanga suna salati.

"Malam," in ji ta da suka dawo, "kada a sake. Ranar da za a ɗauke ni haka tana zuwa, ba sai an yi gwaji ba."

Malam Badaru ya yi shekara talatin yana koyar da zanen injina kafin ya yi ritaya, kuma ya karanta littattafan da suka ishe shi raina kowa a ƙauyen. Ya janyo tsohuwar kwamfutar da 'yarsu Rukayya ta bar masa, ya ce zai zana keken marasa lafiya da ake turawa, daidai hanyarsu.

Ya yi aikin yadda yake koya wa ɗalibai. Bai zana kowane ƙarfe daban ba. Zane ɗaya ya yi, kamar an yanka keken ta tsakiya yadda ake yanka kabewa, ana kallon fuskar yankan: taya nan, taya can, mazauni a tsakaninsu. Daga wannan zanen sandar tayoyi ta ɗauki tsawonta, mazauni da makama da ƙarafan gefe suka ɗauki nasu. In ka taɓa lamba ɗaya, duk su bi. Ya auna hanya, ya sa santimita saba'in da takwas.

"Kin gani?" ya nuna mata. "Mutum ya yi umarni sau ɗaya a bi shi. Abin da ban taɓa samu a gidan nan ba."

"To ka auri kwamfutar mana," ta ce, "sai dai ba ta iya tuwo ba."

Kafin a sayar da tunkiyarta a sayi ƙarfe, an yi noman farko, an ta da kunya. Ya sake auna hanya, ya tarar ta koma hamsin da takwas. Ko ɓacin rai bai yi ba. Ya buɗe zanen, ya goge lamba, ya sa sabuwa, komai ya tsuke a gabansa cikin ladabi. Ya buga takardu a Ɗanbatta, ya kai wa Iliyasu mai walda.

Iliyasu ya juya takarda, ya sake juyawa. "Malam, wannan mazaunin na Hajiya ne, ko na akuyarta?"

"Kai da ko firamare ba ka gama ba? Yanka abin da ka gani."

Iliyasu ya yanka abin da ya gani. Ran kasuwa Malam Badaru ya je ɗauka, ya tarar da keke kyakkyawa, kowane rami ya dace da ƙusarsa. Ya ɗora tafukan hannunsa biyu a mazaunin, saura kaɗan su cike shi. Santimita talatin da huɗu. Lokacin da ya tsuke tayoyi, mazauni ya bi su, yadda shi da kansa ya umarce shi. Hure kuwa kumburi ya sa tana cika ƙofar ɗaki.

Ya ce Iliyasu ya ajiye a bayan shago. Da ya koma gida ta tambaye shi, "An gama?"

"Saura kaɗan. Kin san masu walda."

Ya wuni a kan zanen. In ya buɗa mazauni daidai ita, tayoyi su hau kunyar mutane. In ya raba su ya ɗora mazauni a saman tayoyi, keken ya yi tsayi, gargadar farko za ta kifar da ita, kuma babu tunkiya ta biyu. Ya sa lambobi iri-iri, kwamfuta ta karɓi kowace ba gardama.

Sai ya sa hula ya je wurin Dogo, wanda gonarsa ta fi kowace tsawo a gefen hanyar. Ya roƙe shi ya bar wa hanya kunya ɗaya. Dogo ya dubi geronsa da ya fara fitar da kai, ya dubi ƙasa.

"Malam, bakuna goma sha ɗaya nake ciyarwa. Ko na bayar, bayana akwai Mati, bayan Mati akwai mutum bakwai. Ka yi haƙuri zuwa girbi, wallahi da hannuna zan baje maka."

Malam Badaru ya so ya zage shi, ya laluba duk karatunsa, bai sami laifin da zai kama shi da shi ba.

Mako biyu suka wuce, wasu biyu suka bi. Kullum da safe ta tambaya, kullum ya ce saura kaɗan. Har ta fara yi wa Iliyasu Allah ya isa, mutumin da bai mata komai ba, mijinta na zaune yana jinta. Sau biyu ya buɗe baki, sau biyu ta riga shi da tari, ya miƙa mata ruwa, ya ce a ransa gobe.

Ta rasu ran wata Asabar da hantsi, saura kwana goma sha biyu a fara girbi. Ta tafi da yaƙinin cewa zanen mijinta ba ya kuskure, mai walda ne ya ci amanarta. Bai samu ya ce mata ba: Hure, an gama shi tuni. Na auna hanya sau biyu, ke ban auna ki ko sau ɗaya ba.