Ƙofar Gidan Issaka

Buroshin ne ya fara faɗuwa, sannan Baba Zuberu ya sulale daga kan benci ya zauna a ƙasa, jan fenti a gaban rigarsa. Alima, mai koko a gidan da ke kallon nasa, ta yar da ludayi ta tsallako kwata. Ya ce jiri ne kawai. Ita kuwa da ta ga yadda ƙafafunsa suka kumbura, sai ta san abin ya wuce jiri.

Duk unguwar Nima an san bangon gidan tsohon nan. Baba Zuberu magini ne a tsohon garin Kete, kafin tafkin Volta ya shanye shi. Da tsufa ya zo, sai ya ɗauki buroshi ya shiga tayar da garin a jikin bangonsa, gida-gida: masallaci da zankwayensa, rumfunan 'yan goro, har gangaren da ake ɗaure kwale-kwale. Mutanen Kete kan zo tun daga Sabon Zongo su nemi gidajensu, su koma suna share ido. Tsoho ne mai taurin kai, amma irin wanda ake so: abin da bai tabbatar ba, ko sama da ƙasa za su haɗu, ba zai sa masa fenti ba.

Alima tana 'yar shekara huɗu aka kawo ta Nima riƙo daga Kete, ba ta koma ba har ruwa ya zo. Ba ta tuna komai na gidan ubanta, marigayi Issaka. Shekara uku tana roƙon ya zana shi, wurin gidan a bangon yana nan fari fat tsakanin gidaje biyu, don Baba ya kasa tuna inda ƙofar zauren take kallo. Ta sha ce masa ya sa ta ko'ina, wa zai sani? Sai ya ce Issaka zai sani.

Tun daga faɗuwar nan bai ƙara miƙewa ba. Alima tana kai masa koko, tana jin kunyar kanta, don rabin tsoronta na gidan ne. Rana ta tara da hantsi ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin bango, ya aika a kira ta.

"'Yar Issaka, ɗauko gawayi a murhunki. Na tuna."

"Baba, ni ban iya ba."

"Hannu naki, ido nawa. Gabas take kallo. Ran da na ɗora azarar ƙofar nan, da sassafe ne, rana tana dukan ƙeyata."

Ta durƙusa tana ja, yana gyara mata da ƙyar. Sau biyu ya sa ta goge indararo, wai ta karkata shi kamar hular ɗan gayu. Da ta zana dakali, ya ce a nan uwarta take zaunar da ita tana yi mata kitso. Alima ta yi kuka, shi kuwa ya ce ta matsa, tana tare masa gani.

Ya ce gobe za a sa fenti. Goben, kafin azahar, Allah ya karɓi abinsa.

Maza ba su dawo daga maƙabarta ba hadari ya haɗo daga teku. Mata suka shiga kwashe tabarmi da tukwane. Alima ta cire mayafinta, ta shimfiɗa shi a kan zanen gawayin da ke jikin bango, ta danne da tafukanta biyu. Ruwa ya sauko yana dukan bayanta, tana nan tsaye.