Wandon Kawu Ya Fito Tas

"Kyamarar ba ta yi laifi ba," in ji Kawu. "Dubi wandon nan. Har zaren facin ana iya ƙirgawa."

Mama ta buga hoton a kan tebur. "Wando na ce a ɗauka, Yaya? Uwata na ce, da ƙanwarta!"

Ni ne kuwa na danna kyamarar.

Shekara goma sha ɗaya Kaka da ƙanwarta ba sa ga-maciji, a kan wani keken ɗinki da kowacce ke cewa nata ne. Da ƙyar Mama ta haɗa su a gidanmu wannan makon. Hoto ɗaya take so, su biyu tare, kafin ƙanwar ta koma gobe. Duk sun haura tamanin. Ba wanda ya faɗi sauran maganar, amma kowa ya san ta.

Na ce a ɗauka da waya. Kaka ta ce ba za ta zauna wa abin da ake shiga banɗaki da shi ba. Sai Kawu ya zaro tsohuwar kyamararsa mai fim daga ƙasan akwati. Ya ba ni, wai tunda na gama sakandare ban da aikin yi sai jingina da bango.

Tsakani da Allah, tana da kirki. Batura biyu sun ishe ta shekara. Ita ke saita kanta: ka danna, ta yi ɗan gurnani, ta zaɓi abin da za ta fito da shi tas. Aibinta ɗaya, abin da ke tsakiyar idonta kawai ta sani. Kuma ba ka ganin ɓarnar sai bayan kwana uku, in mai wankin hoto ya gama.

Tsofaffin suka zauna a benci, wannan a can ƙarshe, waccan a can ƙarshe. Tazarar da suka bari, akuya sai ta kwanta ta miƙe ƙafa. Na saita tsakiya. A tsakiyar babu kowa sai igiyar shanya can baya, da wandon Kawu.

Sau biyar na danna. Wando biyar, kamar na talla. Kaka da ƙanwarta kuwa hayaƙi biyu masu ɗankwali.

"Akwai dabara," in ji Kawu. "Ka ɗan taɓa maɓallin a kan fuska, ka riƙe, sannan ka juya."

"Da bakinka ciwo yake yi ranar?" in ji Mama.

"Ai wajen riƙewar ya lalace tun kafin a haifi yaron nan."

"To me ya rage?"

"Sabon fim ɗaya na sayo. Ki zauna a tsakaninsu, sai ta kama ki, ta haɗa da su."

Mama ta ture hoton gefe.

"Shekara goma sha ɗaya ina tsakani. Na gaji. Su biyu nake so."

"To sai sun haɗa kai a tsakiya. Kunne da kunne."

Muka leƙa ta taga. Suna kan bencin, kowacce a ƙarshenta. Ƙanwar ta miƙe hannu iya tsawonsa tana karɓar ɗaya daga cikin hotunan daga hannun Kaka.

"Kin fi kyau a haka," in ji Kaka.

"Ke ma. Bakin ya ɓace."

Kawu ya ɗura fim ɗin, ya rataya mini kyamarar a wuya. Ni dai na fita na kwashe shanya.

Da na dawo, Mama na tsaye a bakin ƙofa, ba ta yi taku ko ɗaya ba.

"To," ta ce a hankali, "wa zai ce musu su matso?"