Shari'ar Bayan Kunne

Shekaranjiya da rana na ɗan kishingiɗa, sai na yi mafarki an yi mini canjin wurin aiki zuwa gadon bayan karen ƙanena. Ban yi gardama ba. Na bi ta wutsiya na hau.

Gari ne sosai, gashi a tsaitsaye kamar bishiyoyin darbejiya. Wata tsohuwar ƙwarƙwata mai suna Gwaggo Tasalla ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce mutanen garin iri biyu ne: masu tsinin kai da ke tsotson jini, da masu faffaɗan kai da ke gaigayar fata. Ta auna kaina da igiya, bai shiga ko ɗaya ba.

"To kai me kake ci, Malam Jatau?"

"Tuwo."

"Allah ya ba ka lafiya," in ji ta.

Tunda ba ni da dangi a kowane ɓangare, nan take aka naɗa ni alƙali. Rigimar da ke tsakanin ɓangarorin a kan filin bayan kunne ce. Wai nan ƙafar kare ke sauka in yana susa, girgizar ce ke sa 'ya'yansu barci. Gwaggo ta ce in ban yanke hukunci kafin la'asar ba, za su manne ni a jikin gashi yadda suke manne ƙwansu, sai ranar da na ƙyanƙyashe.

Na nemi shaidu. Ƙuma ya zo, kafin a rantsar da shi ya yi tsalle, ba a sake ganinsa ba. Kaska ta ce shekara uku kanta na binne a ƙasa, ba ta ga komai ba. A gefe kuwa har an ɗora tukunyar danƙo, ta fara tafasa.

Na ce, "Jama'a, ai karen nan kunne biyu gare shi."

Wani dattijo cikin masu tsotso ya fashe da kuka, ya ce kakansa ya taɓa faɗar haka, aka ɗaure shi wai ya zautu.

Kowane ɓangare ya ɗauki kunne ɗaya, sai ga mu wurin walima. Aka kawo mini ɓawon fata mai faɗin faifai, aka ce ƙin ci raini ne. Na rufe ido na gatsa. Ba gishiri, amma na daure ina ta tauna.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ni. Matata Hansatu na tsaye a kaina. Ta zare matashin kai daga bakina a hankali, ta duba gefensa.

"Malam, wannan fa na baƙi ne."