Ranar Haihuwar Baba

Karo na tara ke nan Auta ta danna lambobin, wayar ta ɗan girgiza a hannunta, jan rubutun ya sake fitowa.

"Ta ƙi buɗewa, Baba."

"Gwada ta katin fansho."

"Ita na gwada yanzu."

Baba yana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, ya jera katuna huɗu a gabansa kamar mai kasa kaya: katin shaida, katin fansho, katin zaɓe da wani tsohon lasin tuƙi. Kowane kati da ranar haihuwar da ya ba shi. Biyu sun ce ɗaya ga Janairu, amma shekarun ba su zo ɗaya ba. Lasin ɗin ma ya rage masa shekara shida.

Kwana goma sha biyu da suka wuce likita ya yanki ɗan nama daga kullutun da ya fito wa Baba a gefen wuya, aka aika da shi wani gari don a gwada. Yau da hantsi sakamakon ya shigo wayar Auta, saboda lambarta aka bayar a asibiti. Sai dai takardar a kulle ta zo. Saƙon da ya rako ta ya ce lambar sirrin ita ce ranar haihuwar majiyyaci. Likitan kuwa sai Alhamis zai zauna, yau kuma Litinin. Duk gidan abu guda ake so a sani: ciwon daji ne, ko ba shi ba ne.

"Ni dai tsohuwa ta ce ana tsaka da ruwan sama aka haife ni," in ji Baba. "Rubuta musu damina, mu ga ko za ta buɗe."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Auta ta miƙa masa kofin ruwa, ta kau da kai don kada ta ga yadda yake wahala kafin ya haɗiye. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa yanzu.

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana rubuta kati a wani ƙaramin asibiti kafin ya yi ritaya. Yakan ce shi kansa ya raba wa mutane ranar haihuwa da biro sun fi dubu, duk wanda bai san tasa ba sai ya ba shi ɗaya ga Janairu, ya ce Allah ya raya. Fayil-fayil ɗin marasa lafiya ta hannunsa suke bi. Bai yi karatun likita ba, amma ya san kalmomin da ake rubutawa kafin a ja 'yan'uwan mutum gefe.

Auta ta kira lambar asibitin. Matar da ta ɗauka ta ce ba sa faɗin bayanin majiyyaci ta waya, sai mai katin ya zo da kansa. Mota biyu ake shiga kafin a kai can, Baba kuma ko zuwa masallacin bakin layi sai ya huta a hanya.

Tana ajiye wayar Yaya ya kira daga garin da yake aiki.

"Ke Auta, har yanzu?"

"Ta ƙi, Yaya."

"To zama za ki yi kina kallonta? Tashi ki je kasuwar 'yan waya, layi na uku, ki tambayi shagon Injiniya. Babu abin da ba ya buɗewa. Da ya buɗe ki turo min, kin ji ko? Kar ki tsaya wannan noƙe-noƙen naki."

Ta rufe keken ɗinkinta da zane, ta bar rigar da take kan haɗawa ba hannu ɗaya, ta zura hijabi. Baba ya bi ta da ido har ƙofa.

"Kome aka gani a ciki, ki kawo min in karanta da kaina," ya ce. "Ba na son labari."

Shagon Injiniya ɗan lungu ne tsakanin mai sayar da caja da mai gyaran rediyo. Kwamfuta biyu, injin buga takarda ɗaya, da fanka a ƙasa tana juyawa tana ƙara. Wayoyin wuta sun harɗe a ƙarƙashin tebur kamar saiwa. Injiniyan mutum ne mai ƙiba, gilashinsa a bisa goshi, bakinsa ba ya hutawa. Auta ta tsaya a bakin ƙofa har mutum biyu da suka zo bayanta suka gama suka tafi.

"Ƙanwata, ko gadi aka ɗauke ki? Shigo mana."

Ta miƙa masa wayar. "Takarda ce a kulle."

"Ta maigida ce?" Ya ɗaga hannu sama. "In ta maigida ce ki rufa min asiri. Wancan watan na buɗe wa wata, washegari mijin ya zo nan da sanda."

Wata mata da ke zaune a benci riƙe da takardun makaranta ta kwashe da dariya. Auta ta sunkuyar da kai.

"Ta babana ce. Daga asibiti."

Ya karanta saƙon, ya duba sunan da ke jikin katunan da ta zo da su, ya gyaɗa kai. "Matsalar tsofaffinmu ke nan. Mutum ɗaya, haihuwa huɗu. Shi ya aiko ki?"

"Shi ne."

"To zauna. Wannan mai sauƙi ce."

Ya tura takardar cikin kwamfutarsa, ya buɗe wani abu mai baƙin allo. Ya ce mata ba ɓalle ƙofa zai yi ba, makullai zai yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Tunda an san ranar haihuwa ce, kwamfutar za ta bi duk ranakun da ke cikin shekara arba'in, har ta faɗa kan wadda ta dace. In ta samu, sai ya fitar da wata takardar sabuwa wadda babu kulle a kanta.

Lambobi suka fara gudu a allon, da sauri har ido ba ya kama su. Auta ta zuba musu ido. Tun safe take roƙon Allah takardar ta buɗe. Yanzu da take kallon ranakun suna wucewa, sai ta kama bakin bencin da hannu biyu.

"Babanki shekararsa nawa?" matar nan ta tambaye ta.

"Ba mu sani ba daidai."

"Allah ya ba shi lafiya. Ni nawa ma haka aka yi ta yawo da mu, ƙarshe ashe..." Ta dubi fuskar Auta, ta koma gyara takardunta.

Lambobin suka tsaya cak.

"Ga ta nan," in ji Injiniya. "Sha huɗu ga Maris, hamsin da bakwai."

"Sha huɗu ga Maris?" Auta ta ɗan yi tunani. "Ai ranar muka je buɗe kati a asibiti."

Injiniya ya buga tebur yana dariya. "Na sani! Shekarunsa kawai aka tambaye shi, ya faɗa da ka. Kwamfutarsu ta ɗauki ranar da kuka je, ta cire shekarun, ta haife shi a nan take. Kin ga yanzu haihuwarsa ta zama biyar."

Yana dariyar yana danne-danne. Ya cire kullen, ya ajiye sabuwar takardar, sannan ya buɗe ta don ya tabbatar ta fito daidai. Ya sauko da gilashinsa daga goshi zuwa ido.

Auta ta ga takardar. Turanci ne, ƙananan baƙaƙe, shafi ɗaya da rabi. Ta gane sunan Baba a sama, ta gane lambar katinsa. Sauran kalmomin dogaye ne, a aji shida ta tsaya, ba a koya musu irinsu ba. Sai ta bar allon ta koma kallon fuskar Injiniya.

Ya daina dariya. Ya gangara ƙasan takardar, ya koma sama, ya sake gangarawa. Sannan ya juya wajen matar da ke benci.

"Hajiya, tawada ta ƙare. Ki leƙa shagon gaba, ko ki dawo anjima."

Matar ta dubi injin da ya gama buga wa wani takarda yanzun nan. Ba ta yi musu ba, ta tattara kayanta ta fita, ta ce wa Auta Allah ya sawwaƙe.

Injiniya ya tashi daga kujerarsa mai taya, ya turo wa Auta ita.

"Zauna nan, ƙanwata, bencin nan ba daɗi."

"Me aka rubuta?"

"Ni fa ba likita ba ne. Gyaran kwamfuta na koya."

"Amma ka karanta."

Ya shafa haɓarsa. "Irin takardun nan suna zuwa nan da yawa. Wadda babu komai a cikinta layi uku ce, huɗu." Daga waje mai rediyo yana ta murɗa tasha. Ya ɗora yatsa a kan wata kalma a ƙarshen shafin. "Wannan kuma na san ta. Tana cikin takardar yayata."

Auta ba ta tambaye shi ina yayar tasa take yanzu ba.

"Ciwon dajin ne?" ta ce.

Ya gyaɗa kai. "Amma likita ne zai faɗi inda ya kai. Ana yin magani, wallahi ana yi. In buga miki ko in tura wayarki?"

Ta daɗe tana kallon kalmar, tana ƙirga baƙaƙenta a zuci.

"Goge ta."

"Na'am?"

"Buɗaɗɗiyar. Ka goge ta. Ka bar min ta kullen yadda take."

 Ya goge a gabanta, ya shiga kwandon shara na kwamfutar ya sake gogewa, ya miƙo mata wayar da hannu biyu.

A cikin bas ɗin komawa wayar ta yi ta ruri a jakarta. Sai a kira na huɗu ta ɗauka.

"Ta buɗu?"

"Ba ta buɗu ba, Yaya. Ya ce irin wannan sai asibiti."

"Kai! Injiniyan? To me kika yi tun ɗazu?"

Ta ce babu sabis, ta kashe. Ta yi mamakin yadda maganar ta fita ba gargada. Ta yi ta maimaita ta a ranta har tashar unguwarsu. Kwana uku ne kawai. Ya ci abincinsa, ya yi barcinsa, ranar Alhamis likita ya faɗa masa da bakinsa, a ɗakin da ake faɗin irin wannan.

Ta tarar da Baba ya idar da La'asar, yana zaune inda ta bar shi. Ya sa gilashin karatunsa, ga wata tsohuwar ambulan a kan gwiwarsa ya yi lissafi a bayanta da biro.

"Sannu da hanya, Auta."

"Yawwa, Baba. Ba ta buɗu ba. Ya ce sai asibiti."

"Ba komai. Ai ni na gano ta." Fuskarsa har da ɗan murmushi, irin na wanda ya tuna aikinsa. "Bayan fitarki na yi ta tunani. Yarinyar nan mai buɗe kati ba ta tambaye ni ranar haihuwa ba. Shekaru ta tambaya, na ce sittin da takwas. Mu a da Janairu muke bayarwa, su na yanzu ina jin daga ranar zuwa injin yake cirewa. Shekarar dai na fitar, hamsin da bakwai. Ranar ce ta shige min. Cikin Maris ne, ko sha uku ko sha biyar. Kawo wayar mu bi su ɗaya-ɗaya."

Ya miƙo hannu. Hannun ya rame.

Auta ta tsaya da jakarta a kafaɗa. Tana iya cewa caji ya ƙare. Tana iya cewa Injiniya ya ce in aka ƙara gwadawa takardar za ta lalace. Ta dubi ambulan ɗin, ta ga yadda ya jera lambobin a tsare, da kyakkyawan rubutunsa na mai kati.

Ta cire takalmi, ta zauna a gefen tabarmar, kusa da shi fiye da yadda ta saba. Ta ciro wayar ta sa masa a hannu.

"Sha huɗu ne, Baba."

Bai kalli wayar ba. Ita ya kalla, ya daɗe yana kallonta ta saman gilashin. Sannan ya ajiye biron a kan tabarma a hankali.

"Ashe ta buɗu," ya ce.