Binciken Malam Chaibou a Gidan Tsofaffin Jirage

Malam Chaibou bai yarda da yaron ba tun kafin ya gan shi. Wansa ne ya kira daga Maradi ya ɗora masa aikin: wani Nouhou na neman auren ɗiyar wan nasa, Hamdiya, wadda ke karatu a Bron kusa da Lyon, kuma abin da Chaibou ya ce shi za a yi. In ya ce to, a karɓi gaisuwa. In ya ce a'a, magana ta mutu.

A gida bincike ba wuya. Ka tambayi limamin unguwa, ka tambayi mai shago, kafin la'asar ka san har kakan mutum. To a Paris wa za ka tambaya? Maƙwabcin da ko sunanka bai sani ba? Abin da ya iya tsintowa a gidajen abincin unguwar Belleville bai yi masa daɗi ba. Wai yaron injiniyan jirgin sama ne, amma jiragen nasa ba sa tashi. Wai kuma an gan shi a tashar jirgin ƙasa ta Lyon da wata Baturiya, a ranar da Hamdiya ba ta gari.

Sai ya ajiye hula, ya zura tsohuwar jaket, ya tafi gidan tarihin jiragen sama, inda aka ce yaron ke aiki, kamar ɗan kallo. Mutum da tsagar Gobirawa har kunne, wai ya yi ɓad-da-kama.

A fili ya tarar da roka tsaye, fara sol, ta fi hasumiyar masallaci tsawo. A ciki ga jiragen katako rataye a sama, ga wata tukunyar ƙarfe mai baƙin gindi da aka ce mutane sun dawo daga sararin samaniya a cikinta. Chaibou ya taɓe baki. Can ya hango wani baƙin saurayi sanye da safar hannu, a durƙushe ƙarƙashin fiffiken wani jirgi na yadi da itace. Nouhou ne, na hoton da aka turo masa.

Ya yi sallama, saurayin ya miƙe ya gaishe shi da Hausar Damagaram, har da rusunawa. Ladabin ya yi yawa, Chaibou ya ƙara tsarguwa.

"Waccan roka ta waje, ta taɓa tashi?"

"A'a Malam, kwaikwayo ce, cikinta fanko ne. Wannan dai na gaske ne, ya girmi kakana."

"Kai kuma me kake yi masa?"

Nouhou ya nuna wani faci a jikin fiffiken. Launinsa ya fi sauran yadin haske, ko yaro zai gane.

"Wannan aikin naka ne? Ai telan bakin kasuwa ya fi ka iya ɓoye ɗinki."

"Da gangan ne. A nan ba a yarda mu ɓoye gyara ba. Dole wanda zai zo bayana ya san inda na taɓa."

Chaibou ya ce a ransa, malalaci ba ya rasa dokar da zai fake da ita. Ya miƙa hannu zai shafa facin.

"Kada ka taɓa, Tonton, yadin ya tsufa."

Hannun ya tsaya. Ɗazu Malam ne, yanzu ya koma Tonton, wato baffa da Faransanci, kuma duk Faransa mutum ɗaya ke kiransa haka. Ashe Hamdiya, wadda ya goya tana jaririya, ita ta tsegunta zuwansa. Ransa ya ɓaci sosai. Kenan gaisuwar, rusunawar, duk shiri ne.

"Me kuma ta ce ka faɗa mini?"

Nouhou ya cire safar hannunsa a hankali. "Ta dai faɗi abin da kada in faɗa. Na taɓa aure, Tonton. Bafaranshiya ce, mun rabu, tana Lyon. Akwai ɗiya tsakaninmu, Shafa'atu, ta fara tafiya. Wajen yarinyar nake zuwa. Hamdiya ta sani, har kitso take yi mata. Ta ce in babanta ya ji ba zai yarda ba, a bari sai an ɗaura."

"To me ya sa ka faɗa?"

"Ba zan shiga gidanku in bar ɗiyata a ƙofa ba."

Chaibou ya dube shi, ya nemi inda dabarar take, wallahi bai samu ba. Haushi ma ya ji. Ya zo da shirin tono, an miƙo masa a hannu, kuma ya san halin wansa: kalma ɗaya ta isa ya rushe komai. In ya yi shiru, Hamdiya ta samu mijinta. In ya yi shiru kuma, ya zama na biyu a cikin masu ɓoyon, bayan wanda abin ya shafa ya ƙi.

Yana jiran bas a bakin titi wayarsa ta yi ƙara. Maradi ce. Aka gaisa a gurguje, wan nasa ya ce, "To, yaya ka ga yaron?"

"Yaron ba ya ƙarya, Yaya," in ji Chaibou. "Amma samu wuri ka zauna tukuna."