Wadda Za Ta Kai La'asar

Ranar Asabar teburin Akawu ya cika kwana talatin da takwas babu kowa a kansa. Dokar masu buga takardu a bakin kotu kuwa ba ta da kwana-kwana: tebur in ya yi arba'in a rufe, an ba wani. Shugabansu ya zo dubiya a tsakiyar mako, ya yi addu'a doguwa, sai da ya sa takalmi zai fita sannan ya ce wa Dogo, "Litinin fa take cika."

Dogo shi ne ɗan Akawu na fari. Lodin kaya yake yi a wani sito, amma ya taɓa kwamfuta a sakandare, kuma shi kaɗai ne a gidan da ya taɓa. Tun ranar da aka kwaso tsohon daga gindin bishiyar kotu ɓarinsa na dama a shanye, Dogo yake jin kansa kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. An ce je ka asibiti, ya je. An ce ɗauko magani, ya ɗauko. Yanzu an ce zauna a tebur.

Tafiretar tsohon tana ƙarƙashin gado, amma ba ta da amfani. Magatakardan kotu ya daina karɓar takardunta tun bara, Akawu ne dai ya yi ta taurin kai. Inna ta sayar da firjin da take yin ƙanƙara, ta ƙulle kuɗin a gefen ɗankwali, ta miƙa wa Dogo.

"Abin da ke akwai ke nan. In ka sayo mushe, babu na biyu."

Akawu ya ce sai ya je. Maganarsa ta zama kamar ta mai ruwa a baki, amma an gane. Dogo ya sa shi a tasi, ya goya shi ya hau da shi matakala goma sha ɗaya zuwa shagon wani da ake kira Injiniya.

Shagon tsukuku ne, yana warin dalma. Fanka ɗaya, benci ɗaya, kwamfutocin hannu jere a bayan gilashi kamar kifi. Injiniya ya ji abin da ke ɗankwalin, ya sosa ƙeya, ya ciro laftof uku ya jera.

"Iya kuɗinka, iya shagalinka. Ga siririya, 'yan makaranta na sonta. Ga baƙa, tsohuwar ofis ce. Ga kuma wannan tokar, kada ka dubi fuskarta, ba aure za ka yi ba."

Tokar gefenta a tsage yake, an liƙe da salatif. Harafi biyu sun goge.

Akawu ya nuna a matso masa da su. Ya ɗaga hannun hagu, ya miƙe yatsa ɗaya, ya sauke shi a kan siririyar da ƙarfin da ya saba dukan tafireta shekara talatin. Kwas, kwas, kwas. A na biyar maɓalli ɗaya ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin benci.

"Baba, ba ganga ba ce fa," in ji Injiniya, yana rarrafe yana nema. "Shafa ta ake yi. Kamar kan jariri."

Tsohon bai kula shi ba. Ya doki tokar, ya yatsine fuska, maɓallanta sun yi masa laushi. Da ya zo kan baƙar sai ya daɗe. Tana amsa duka, kowane harafi da ƙararsa. Ya ɗaga gefenta ya ji nauyi. Ɓarin fuskarsa mai rai ya ɗan motsa.

"Wannan. Tana da ƙashi."

"Tsoho ya san kaya," in ji Injiniya, ya fara laluben leda.

Dogo yana tsaye jingine da ƙofa. Gindin bishiyar yake gani a ransa: tebur, benci, kwalbar ruwa. Babu soket. Shagon da ake fitar da takarda yana tsallaken titi, kuma ba sa barin kowa ya sa caji. Ya matso, ya zare wayar baƙar daga bango, ya zare ta tokar.

"Me ke nan?" in ji Injiniya.

"Zan gani."

Ya zauna kusa da ubansa, kwamfutocin biyu a gabansu, allo a kunne. Fanka tana juyawa. Wata mata ta kawo waya da ta faɗa ruwa, ta tafi. Minti ashirin da 'yan kai, baƙar ta yi wani ɗan kuka, allonta ya ɗauke.

"Batirinta ne kawai," in ji Injiniya. "Ana samu. Sai dai a yi oda, mako uku, kuma ba a cikin wannan kuɗin ba."

Tokar tana nan. Lambar cajin da ke kusurwar allonta ta sauka daga ɗari zuwa casa'in da huɗu. Dogo ya jawo ta kan cinya ya fara buga abin da ya haddace tun yana ƙarami yana kai wa uban abinci: ni, mai suna a sama, baligi, mai hankali, na rantse. Ya goge, ya sake. Ya goge, ya sake. Aka kira azahar, ya sauka ya yi, ya dawo. Saba'in da ɗaya.

"Ɗan'uwa, zaman makoki kuka zo yi min?" Injiniya ya faɗa yana dariya, sai idonsa ya faɗa kan hannun tsohon da ke kwance a cinya kamar ba nasa ba. Ya zuba musu ruwa a kofi.

Akawu ya sa yatsa a murfin baƙar da ta mutu. "Wannan," ya sake cewa.

Dogo bai taɓa musa wa ubansa ba, ko a kan gishirin miya. Ya jira ya ji ko gabansa zai faɗi. Bai faɗi ba.

"Tokar za mu ɗauka, Baba."

Ya kwance ɗankwalin. Injiniya ya ƙara masa da jaka mai mataccen zif. Sauka da tsohon ta fi hawa wuya, don wannan karon bai riƙe wuyan Dogo ba. A tasi Akawu ya juya fuska ga taga har gida.

Litinin da sassafe Dogo ya share ganyen da ya taru a kan tebur, ya goge kashin tsuntsaye, ya zauna. Shugaba ya wuce, ya dube shi, ya dubi salatif ɗin, ya ɗaga masa hannu. Aka fara zuwa jefi-jefi: wanda ya ɓatar da katin shaida, wadda za ta gyara shekarun haihuwa, wani dattijo da ya ga ba Akawu ba ne ya koma tebur na gaba. Ya buga, ya tsallaka titi, ya dawo, ya buga.

Da yamma ya tarar da tsohon a kwance, Inna tana shafa masa mai a kafaɗa.

"Nawa?" in ji Akawu.

"Takarda huɗu."

Inna ta rufe kwalbar man.

"Ta mutu?"

"Ba ta mutu ba."

Akawu ya juya da ƙyar ya fuskanci bango. Dogo ya sa kwamfutar a caji, ya zauna bakin ƙofa yana cire takalmi.